Aiki, Baitulmali da Tsadar Wuta: Jawabi ga Rassan Jam'iyya

 

Gardama ta yi yawa a rumfunan kasuwa a kan abu uku: aikin samari, kuɗin baitulmali, da tsadar isansi da wutar lantarki. Wasu suna cewa gwamnati ta buɗe hannu, ta ɗauki 'ya'yanmu aikin biro, ta karya farashin mai. Wasu kuwa suna cewa ta ƙulle bakin jaka, ta bar 'yan kasuwa su yi abinsu. To, kada mu bi kowa ido rufe. Mu duba abin da ya auku a ƙasarmu, mu yi hukunci da shi.

Da farko, maganar araha. Shekara da shekaru muna shan man 'yan ruwa-ruwa da ke ƙetarowa daga Najeriya, don gwamnatin can tana biyan rabon kuɗinsa. A watan Mayu na 2023 ta janye tallafin nan, kwalba ta yi tsada a bakin hanya. A watan Yuli na 2024 aka rage farashi a nan gida, litar isansi ta sauko daga sefa 540 zuwa 499. Kowa ya yi murna. Amma a watan Maris na 2025 sai ga layin motoci da babura a gidajen mai, don buƙata duka ta koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ashe farashin da aka rubuta a allo ba ya cika tanki in babu man.

Na biyu, maganar wuta. Tun 1976 Yamai take shan lantarkin Kainji ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram kuma suka sami nasu ta layin Katsina. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take fitowa. Da aka yi juyin mulki a watan Yuli na 2023, sai aka katse wutar a watan Agusta, ba a maido ta ba sai cikin 2024. Kun ga abin da ya biyo baya da idanunku. Mai walda ya zauna, tela ya koma keken ƙafa, mai ƙanƙara ya zubar da jarinsa, mai injin niƙa ya ƙara kuɗin tiya. Zanen aro ba ya rufe katara.

Alhali Allah bai hana mu ba. Ga gawayin ƙasa a Anu Araren, SONICHAR tana ba da wuta da shi tun 1981, amma mafi yawanta ma'adinan yuraniyom na Arlit aka nufa da ita. Ga wani gawayin a Salkadamna cikin jihar Tawa. Ga rana, wadda ba ta yi mana rowa ba: an buɗe tashar hasken rana ta Malbaza a 2018 mai megawat 7, da ta Goru Banda a 2023 mai megawat 30. Ga dam ɗin Kandaji a kan kogin Kwara, an aza tubalinsa a 2008 don ya ba da megawat 130, shekara goma sha biyar ta wuce bai haska fitila ɗaya ba.

Na uku, maganar aiki. Masu cewa a ɗauki kowa aikin gwamnati, mu tambaye su: albashin daga ina? Daga lampo da kuɗin duwan da talaka ke biya. Ko an cika biro-biro da kujeru, ba za su ɗauke samarin kasuwar Maraɗi kaɗai ba. Masu cewa a jira manyan kamfanoni, su tuna da COMINAK ta Akokan. Ta haƙi yuraniyom tun 1978, ta rufe a watan Maris na 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa abin yi. Rami yana ƙarewa. Aikin da ke daɗewa shi ne na mai jima da fatar jar akuya, da mai matse gujiya, da mai ban-ruwan albasa a Galmi, da maƙeri, da kafinta. Su duka wuta mai araha wadda ba ta ɗaukewa suke nema.

Saboda haka ga matsayinmu. Muna tare da masu cewa gwamnati ta kashe kuɗi, amma a kashe su inda za su haihu. Kuɗin da aka zuba don rage farashin lita ana ƙone su rana ɗaya, mai babbar mota kuma ya fi mai amalanke cin moriyarsu. Kuɗin da aka zuba a tashar wuta da turaku da waya, jikokinmu za su tarar da su. Muna kuma tare da masu cewa a yi tsimi, amma tsimin ya fara daga motocin manya da tafiye-tafiyensu, a bar makaranta da likita.

Yanzu ga aikin da ke kan kowane reshe. Ku ƙidaya injinan niƙa, da masu walda, da teloli, da injinan ban-ruwa na garinku. Ku tambayi kowa nawa yake kashewa a mai kowane mako, da awa nawa wuta ke ɗaukewa. Ku rubuta yawan samarin da suka tafi cirani Kano, Abijan, Libiya da Aljeriya tun da aka gama girbi. Sakatare ya aiko da takardar ga kwamitin jiha kafin taro mai zuwa. In abokin hamayya ya zo da baki, mu amsa masa da lissafi, ba da zagi ba, don shi ma ɗan ƙasa ne.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya taimaki ƙasarmu, Ya maido mana 'ya'yanmu gida lafiya.