Kwana Tara a Akra: Abin da Na Gani, Abin da Na Ci

Jawabin da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

Shugaba, ma'aji, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana.

Shugaba ta ce in ba ku labarin zuwan da na yi Gana wajen 'yata da ta haihu. Na ce mata, ranki ya daɗe, ni fa ban da jego, yawo da ciye-ciye kawai na yi. Ta ce ai shi ake so a ji. To, ku gyara zama.

Akra, wadda tsofaffin fatake ke ce wa Ankara, birni ne na bakin teku. Surukina ya so ya riƙa kai ni ko'ina a motarsa, na ce a'a, ƙananan bas ɗin nan da suke kira tirotiro zan hau, don a cikinsu ake sanin gari. Mun je kabarin Kwame Nkrumah, a filin da ya tsaya ya shelanta 'yancin ƙasar a 1957. Mun je Jamestown, unguwar masunta, na ga doguwar hasumiyar fitila mai ja da fari da kwale-kwale jere a bakin ruwa. A can aka ba ni kenke, wato ƙullin masara mai tsami da ake dafawa cikin bawonta, da soyayyen kifi da ɗanyen yaji. Loma biyu na yi, hawaye shar. Matar ta yi ta dariya, ta miƙo mini ruwa. Ranar Juma'a kuma muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin irin na Turkawa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai a bakin titi na gan shi. Tun da asuba za ki ga ma'aikata, wasu har da kwat, sun yi layi gaban mai koko. Sunansa a bakinsu "Hausa koko", na gero, da citta da kanumfari, a haɗa da ƙosai. In rana ta ɗaga sai layin ya koma wajen mai wace. Wace fa shinkafa da wake ce, daga kalmarmu ta wake sunan ya fito. Da karan dafi ake dafa ta, shi ke ba ta jan launi, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da baƙin yajin da suke kira shito, a naɗe a ganye. Akwai kuma tuwo zafi da miyar ayoyo. Jama'a, abincin da muke jin kunyar ba baƙo, shi ne ke ciyar da babban birnin wata ƙasa.

A unguwar Nima, inda Hausa ke tafiya kamar kana gida, na zauna da wata dattijuwa mai wace. Na ce, Yaya, mene ne sirrin? Ta ce babu wani sirri. Tukunya ta gada wajen uwarta, adashi ya ƙara mata ta biyu, kuma ba ta taɓa cin uwar kuɗi don biki ba. Yanzu 'yan mata ne ke mata aiki, ita tana zaune tana karɓar kuɗi.

Daga nan 'yata ta kai ni Makola, babbar kasuwar tsakiyar gari, wadda mata ke riƙe da ita. Kowane layi da sarauniyarsa, ta masu tumatir daban, ta masu atamfa daban. A 1979 sojoji sun rushe kasuwar, suna zargin matan da ɓoye kaya. Matan suka sake tashi, ga su nan har yau.

A cikin kasuwar ne na sayi atamfa da tukwane, kaya suka yi mini yawa. Kafin in waiga, wata yarinya ta ajiye babban kwano gabana, goye da jariri. Ba za ta wuce sa'ar autata ba. Irinsu ake kira kayayo. Kaya ɗin namu ne na Hausa, yo kuma mace ce a harshen mutanen Ga. Yawancinsu daga arewacin Gana suke zuwa, su yini da dako a ka, wasu su kwana a bakin shaguna. Na biya ta, na ƙara mata, amma wallahi abincin ranar bai yi mini daɗi ba.

Ga dalilin da ya sa na kawo muku wannan. Kun san maganar da ke gabanmu: wasu na so a raba ribar bana kaf, kowa ta kama gabanta, wasu kuma na so a ware kaso a ba 'ya'yanmu mata jari da horo. Ni ma ina da buƙata, ga hidimar suna da na sha, ga kuɗin makaranta. Ban raina uzurin kowa ba. Sai dai na ga dattijuwar Nima, na ga yarinyar Makola, kuma abin da ya raba su tukunya ɗaya ce da wani ya fara damƙa wa ɗaya a hannu. Da wuri ake kama fara, tun akwai raɓa.

Don haka in an zo ƙuri'a mako mai zuwa, hannuna na wajen a ware. Kuma tukwane biyu cikin waɗanda na sayo, na bar su wajen ma'aji, a ba yarinyar farko da aka zaɓa.

Shiton da na zo da shi yana kan teburin baya. Mai ciwon ulsa ta yi nesa da shi.