Ɗan kwikwiyon da marainansa ba su sauko ba

Ana haihuwar ɗan kwikwiyo namiji da marainansa a cikin ciki. Yawanci kafin ya cika wata 2 sun sauko cikin jaka, wasu kuwa sai su ɗan makara. Idan ya kai wata 6 babu labari, da wuya su sauko, domin hanyar da suke bi ta riga ta matse. Abin gado ne, ya fi yawa a ƙananan karnuka irin su Chihuwawa, kuma ƙwayar dama ce ta fi maƙalewa.

Ƙwayar da ta maƙale ba ta samar da iri saboda zafin ciki, kuma ta fi ta waje saurin kamuwa da ciwon daji, wani lokaci har igiyarta ta murɗe. Maganinsa fiɗiya a wurin likitan dabbobi, a cire duka biyun.

Mai saye kan lalubi jakar ɗan sati 8, ya ji ƙwaya ɗaya, hankalinsa ya tashi. Nan mai kiwo ya kamata ya fito fili: ya nuna takardar likita, ya rage farashi ko ya ɗauki nauyin kuɗin aikin. Irin wannan kare yana gadi lafiya lau, amma kada a sa shi barbara.