Jawabin Sakatare Kan Juriya Bayan Asara

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyayena da 'yan'uwana maza da mata.

Kakanninmu sun kafa Sabo a Ibadan tun 1916, suna fataucin goro da shanu. Zaman bai zo da sauƙi ba. An yi rikicin Shagamu a 1999, an yi na Idi-Araba a Legas a 2002, ga kasuwar Shasha da aka ƙona a Fabrairun 2021. Wasu sun hau mota sun koma Arewa, ba mu ga laifinsu ba. Wasu kuwa sun share toka, suka sake kasa tumatir da albasa.

Amma jama'a, haƙuri kaɗai ba ya maido da rumfa. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama, sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar gida ko fili ko'ina a ƙasar nan. To, in ba ka da takarda, wa zai tsaya maka? Rasit ɗin rumfa, takardar haya da ta sayen fili, a yi musu fotokwafi a ajiye a gida, kada a bar su cikin shago. Wanda bai iya karatu ba ya zo ajin yaƙi da jahilci, ni ma can na koya da girmana.

Kuma kada a bar adashe ya mutu. Wanda gobara ta cinye masa jari, a ba shi kwasar farko. Mai son a duba masa takardu ya same ni ranar Lahadi bayan La'asar.