Turanci da Yaranmu: Jawabi ga Ikilisiyoyin Yankin Unguwar Tudu

 

An ce mu yi magana a kan Turanci, domin duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, kuka ɗaya muke ji. Yaro ya ci noma, ya ci Hausa, ya ci ilimin addinin Kirista, amma Turanci ya kayar da shi. Ba kiredit a Turanci, ba shiga jami'a. Jarrabawar JAMB ma dole ne kowa ya rubuta Turanci, ko me zai karanta. Uba ya sayar da buhun masara ko akuya ya biya kuɗin jarrabawa, baɗi kuma ya sake sayarwa.

Mu da muke wannan aiki mun bi ta hanyar nan. A ajin farko malam yana koya mana da Hausa. Da muka kai aji huɗu sai littattafai suka koma Turanci gaba ɗaya, kamar an canja mana gari cikin dare. Malam ya faɗa, mu maimaita da ƙarfi har a ji mu a bakin hanya, amma a tambaye mu ma'ana, shiru. A sakandare kuwa akwai mai rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a ba shi yankan ciyawa. Wannan doka ba ta sa mun iya Turanci ba. Rufe baki ta koya mana.

Da muka je karatun difloma muka haɗu da 'yan Kudu, sai dariya ta biyo baya, domin harshen Bahaushe yakan haɗa harafin "p" da "f", kuma ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani. Haka kakanninmu suka sarrafa kalmomin Bature suka zama burodi, bokiti, tebur da asibiti, kuma ba wanda ya ce sun yi laifi. Sai daga baya muka lura masu yi mana dariyar su ma kowa da irin lafazinsa, Bayarabe da nasa, Ibo da nasa. A ganinmu kunya ta fi rashin littafi cutar da yaranmu. Yarinya ta san amsa sarai, amma ta gwammace a ce ba ta sani ba da a yi mata dariya.

Wani abu kuma da muka gani da idonmu: waɗanda suka fi saurin kama Turanci a cikinmu su ne waɗanda suka iya karatun Hausa sosai tun a makarantar Lahadi. Muna da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, kuma da shi iyayenmu da yawa suka koyi karatu ba su taɓa shiga aji ba. Wanda ya riga ya san yadda ake haɗa baƙi da wasali, kalmomi kawai suka rage masa. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi guda, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. Gwamnati kuwa ta yi ta juyawa. Tsarin ilimi na 1977 ya ce a fara da harshen gida. A 2022 aka ce a yi firamare duka da shi, a Nuwamba 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan, a koma Turanci. Mu dai ba za mu zauna jiran Abuja ba.

Kada kuma a ɗauka maganar 'yan makaranta ce kaɗai. Galan ɗin maganin ciyawa da ake saya a kasuwar Gwarzo, da Turanci aka rubuta yawan da za a zuba a tankin feshi da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin. Kwalbar maganin yara haka. Takardar gona da ta rance haka. Iyayenmu, kada ku dangwala yatsa a takardar da naku bai karanta muku ita ba, ko da mai kawo ta yana sauri.

Abin da muke roƙo ba ya cin kuɗi. Kowace ikilisiya tana da matasa da suka gama sakandare suna gida. A ba su awa ɗaya bayan sujada ran Lahadi. A ajiye Bisharar Markus ta Hausa da ta Turanci gefe da gefe, a karanta aya a nan, a karanta a can, kowane yaro ya buɗe baki, kuma a hana dariya. Manya su kwafo rubutun jikin galan a takarda su kawo, kada a shigo da galan ɗin kansa cikin yara. Uwa ko ba ta jin Turanci tana iya cewa, "Ɗana, faɗa mini da Hausa abin da ka karanta yau." Idan ya kasa, haddacewa kawai ya yi, sai a gaya wa malaminsa.

Za mu fara bayan an gama girbin dawa. Dattawan kowace ikilisiya su ba sakatare sunayen matasa biyu, mace da namiji, kafin ƙarshen wata. Alli da allo daga wurinmu ne.