Zaɓen Oba-Oba Mai Zango Fiye da Ɗaya: Abin da Dutse da Kewayenta ke Buƙata



A Satumban 2021 an katse layukan salula a Zamfara bisa umarnin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC. A daminar 2022 ambaliya ta raba garuruwan Ringim, Miga, Auyo da Haɗejiya da hanyoyinsu. A Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, Ƙaramar Hukumar Taura, aka rasa rayuka sama da 150. Duk wanda aikinsa ceto ne ko tsaro, bai kamata ya rataya ransa a kan salula kaɗai ba.

To, wace oba-oba za mu saya? Ƙasarmu ce za ta ba da amsa. Zangon VHF, daga megahaz 136 zuwa 174, ya fi cin nisa a sarari, irin filayen Kiyawa da Jahun. Zangon UHF, daga 400 zuwa 470, shi ya fi kutsawa tsakanin gine-gine, kamar a unguwar Takur da ke Dutse. Mai gadi ko direban motar asibiti da zai tashi daga Takur da safe ya yini a Jahun yana buƙatar duka biyun a na'ura guda.

Amma rubuta zango biyu a jikin kwali ba shi ne inganci ba. Baofeng UV-5R da ta cika kasuwa tana da zango biyu, kuma araha ce. Sai dai ku kai ta kusa da na'ura mai ƙarfi, nan take kunnenta zai toshe, sai shuuu kawai kuke ji. Kowa kuma na iya latsa mitar da ya ga dama ya faɗa layin wasu. Shi ya sa hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yi gargaɗi kan ire-irenta a 2018. Na'urar aiki ta gaskiya ana kulle mitocinta da kwamfuta, kuma idan tana da shaidar IP67, ƙurar hunturu ba ta shiga, tana jure nutso a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30.

Ƙarfin oba-obar hannu yawanci bai wuce wat 4 zuwa 5 ba, kuma duwatsun Dutse suna tare saƙonta. Maganin shi ne na'urar maimaita saƙo a kan dutse, da sola da batir. Wannan ne masu rubuta kwangila ba sa son ji. Su dai a ƙirga kwalaye, a ɗauki hoto, a raba, shi ke nan! Ina lasisin mitar? Wa ya gwada oba-obar daga Takur zuwa Kiyawa kafin a biya kuɗi?

Batun oba-obar dijital, irin DMR, a bar shi sai an samu masu gyara a kusa.

Ina kira ga Gwamnatin Jigawa ta nemi mitar gaggawa guda mai lasisi, wadda 'yan kwana-kwana, hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA), asibitoci da 'yan sintiri za su haɗu a kanta, sannan a hana sayen duk oba-obar da ba ta iya hawa wannan mita.