Misteriyon: Asirin Da Aka Ce A Faɗa Wa Kowa

Kalma ɗaya tak zan yi magana a kanta yau, kalmar Helenanci ce da ke cikin Sabon Alkawari: misteriyon. Masu fassara zuwa Hausa sun ce mata "asiri".

Asalinta daga wani aikatau ne mai ma'anar rufe baki ko ido. A garin Eleusis, kusa da Atina, akwai wata bauta da ba a shigarta sai an yi wa mutum tsarki na musamman, kuma duk abin da ya gani a ciki ba ya faɗa. Wanda ya tona, hukuncinsa kisa. Kada ku ɗauka barazana ce kawai. A shekara ta 415 kafin haihuwar Almasihu, abokan hamayyar wani babban kwamanda, Alkibiyadis, suka zarge shi da kwaikwayon wannan bauta a gidajen mutane. Lokacin yana jagorantar rundunar Atina zuwa Sisili. Aka aika ya dawo, ya sulale ya gudu Sparta wajen maƙiya, aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. Siyasa da addini dai, kun san yadda ake haɗa su tun ba yau ba.

To, sai kalmar ta shiga hannun Yahudawan da suka juya littattafansu zuwa Helenanci. A babi na 2 na littafin Daniyel, Sarki Nebukadnezzar ya yi mafarki, bokayen fada suka kasa, Allah ya buɗe wa Daniyel, shi kuma ya je ya gaya wa sarki. Misteriyon ɗin nan ba na rufe baki ba ne, abu ne da Allah kaɗai ya sani har sai ya ga dama ya bayyana.

Wannan ma'anar Bulus ya ɗauka, kuma mafi yawan wuraren da kalmar ta zo a Sabon Alkawari a wasiƙunsa suke. A babi na 3 na Afisawa ya faɗi asirin ƙarara: al'ummai da Yahudawa gado ɗaya gare su. Ya ce an ɓoye wannan ga mutanen da, yanzu kuwa an ɗora masa aikin shelarsa. Kun ga kalmar ta juya kenan. Idan ana nufin ɓoyewa zalla, kamar ba da sadaka a ɓoye a Matiyu babi na 6, wata kalmar ake sa wa, kiriptos, wadda daga gare ta aka samo sunan kirifto da samarinmu ke ta haƙa a waya.

Shi ya sa nake ganin "asiri" na iya ruɗa Bahaushe, don kunnenmu na saurin kai ta wajen boka. Bulus ba can ya nufa ba.

Fassara kuwa ta taɓa jawo rigima babba. A Afisawa 5:32, inda ake maganar aure, Baibul na Latin ya sa sakramentum a gurbin misteriyon, aka riƙa kafa hujja da ayar cewa aure ɗaya ne daga cikin sakramenti bakwai. Erasmus ya koma ga Helenancin a 1516 ya ce kalmar ba ta nufin haka. Martin Luther ya bi sahu a 1520, ya fitar da aure daga jerin. Majalisar Trent ta Katolika ta mayar da martani a 1563, ta tabbatar da shi a matsayin sakramenti, kuma har gobe ɓangarorin biyu kowa na kan bakansa.