Ƙamshin Zuma A Matsayin Shaidar Asalinta



Gabatarwa

Tsadar zuma a kasuwar duniya ta rataya ne a kan abu biyu: furen da ƙudan zuma suka sha, da ƙasar da furen ya tsiro. Da wannan ne zumar manuka ta Niyuzilan da zumar sidir ta Hadramaut a Yaman suka ninka zumar gama-gari kuɗi, kuma a nan ne 'yan algus suka fi sa hannu. A 2013 hukumomin Amurka sun gurfanar da 'yan kasuwa bisa shigo da zumar ƙasar Sin da sunan wasu ƙasashe don kauce wa haraji. A 2023 kuma Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon gwajin samfuri 320 na zumar waje, ta yi zargin algus a kashi 46 cikin ɗari. Matsayin wannan takarda shi ne: binciken sinadaran ƙamshi yana iya faɗin furen da zuma ta fito, amma ba zai faɗi ƙasarta ba sai an tanadi taskar samfuran da za a kwatanta da su.

Daga ƙurar fure zuwa ƙamshi

Tsohuwar hanya ita ce ƙirga ƙurar furen da ke cikin zuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tana da amfani, sai dai tana da rauni. Furen lemo kaɗan yake zubar da ƙurarsa cikin zuma, itacen turare kuwa cika ta yake yi, don haka ƙirgen kan danne wani ya kumbura wani. Mai ha'inci ma yana iya tace zumar tas har ƙurar ta ɓace. Ƙamshi kuwa a narke yake cikin zumar, rariya ba ta kama shi. Masana sun gano sinadarai masu tashi sama da 600 a zuma iri-iri. Akan ɗumama 'yar zuma a kwalba rufaffiya, a zura wani siririn zare mai tsotse tururi, dabarar da Janusz Pawliszyn ya fito da ita a Jami'ar Waterloo ta Kanada a 1990, sannan na'ura ta rarrabe sinadaran ta tantance kowanne. Ta haka aka san cewa metil antiranilet alama ce ta zumar lemo. Niyuzilan ma, da ta fayyace zumar manuka a hukumance a 2017, ta kafa sharaɗin sinadarai huɗu, cikinsu har da na ƙamshi, ta haɗa da gwajin ƙwayar halittar ƙurar furen.

Sukar da ake yi

Suka ta farko ita ce ƙamshi ba ya zama yadda yake. Zafi da doguwar ajiya suna kore wasu sinadarai su haifar da wasu, hayaƙin da ake korar ƙudan zuma da shi wajen ɗiba ma yana shiga ciki. Gaskiya ne, amma canjin kansa yana barin alama. Sinadarin HMF yana hawa idan zuma ta sha zafi, shi ya sa ma'aunin abinci na duniya na Codex ya ƙayyade miligiram 40 a kilo, 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Mai bincike na iya gane zumar da ta sha wuta tun kafin ya yanke mata hukunci.

Suka ta biyu ita ce ana iya sayen sinadari a zuba. Metil antiranilet ɗin nan da shi ake ba alewa da abin sha ƙamshin inabi. Wannan hujja ce a kan mai dogaro da sinadari guda. Ƙwararru kuwa sukan dubi gomman sinadarai da yadda kowanne ya tsaya da ɗan'uwansa, kuma ƙirƙiro wannan daidaito ya fi ƙarfin mai algus na kasuwa.

Suka ta uku ta fi nauyi: itace bai san iyakar ƙasa ba. Sidir ɗin da Yaman ke alfahari da shi, shi ne kurnar da ke tsaye a Kano da Damagaram da Sudan. Alamar kurna cikin zuma kurna kawai take nunawa. Abin da zai raba zumar Hadramaut da ta ƙasar Hausa shi ne sauran itatuwan da ke fure tare da ita, da yanayin ƙasa da na ruwan sama. Wannan bambanci kamar zanen yatsa yake, ba ya kama kowa sai da rajistar da za a duba. Sai da Niyuzilan ta tara ɗaruruwan samfura na shekaru da dama, har da na ƙasashen waje, sannan ta kafa dokarta. Zumar da ba a taɓa rajistarta ba, ba ta da mai shaidarta, ko da ta fi kowacce kyau.

Kammalawa

Tun 2024 Tarayyar Turai ta tsaurara dokar da ta wajabta rubuta ƙasashen asali da kason kowacce a jikin kwalbar zumar da aka gauraya, farar zumar Oku ta Kamaru kuma ta samu kariyar sunan wuri tun 2013. Kasuwa ta koma neman hujja. Na'urar gwajin tana da tsada, amma ɗakin gwaji ɗaya ya ishi yanki guda. Aikin da ba wanda zai yi mana shi ne tara samfura daga hannun masu amya, a rubuta wuri da wata da itacen da ke fure, ko kurna ne ko kaɗanya ko ɗorawa ko gawo, da yadda aka ɗebi zumar, a maimaita shekara bayan shekara. Ina kira ga jami'o'i da hukumomin kula da ingancin abinci da ƙungiyoyin masu kiwon zuma su fara wannan taska yanzu, su haɗa ta da gwajin ƙurar fure da na sukari, domin manomi mai gaskiya ya samu hujjar da zai nemi farashin zumarsa da ita.